Ƙera farantin sola a gida: a duba lissafin da ake yi a kwamfutocin jami'o'inmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta taso tun watan Maris na 2025, lokacin da ministan kimiyya da fasaha na wancan lokaci ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na da niyyar dakatar da shigo da farantan sola daga ƙetare, domin a riƙa ƙera su a cikin gida. 'Yan kasuwa sun faɗi nasu, masu sana'ar ɗora sola a gidajen jama'a sun koka, masu kishin masana'antun gida kuma sun yi na'am. Ni malamin fiziks ne a nan Jos, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɓangare na aikin da ban ji ana ambatonsa a wannan muhawara ba, wato manhajojin kwamfuta da ake tsara ƙwayar sola da su kafin a ƙera ta. Ɗalibanmu sun rungumi waɗannan manhajoji hannu bibbiyu, abin farin ciki ne ƙwarai, sai dai yadda da yawa daga cikinmu ke amfani da su yana haifar da alƙaluman da ba za su taɓa kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Ya kamata mai karatu ya fara bambanta harhaɗa faranti da ƙera ƙwayar da ke cikinsa. Abin da muke gani a kan rufin gidaje gilashi ne da firam na alminiyam, an jera ƙananan murabba'ai masu launin shuɗi ko baƙi a ciki, an haɗa su da siraran ƙarafa. Waɗannan murabba'ai su ne ƙwayoyin sola, kuma a cikinsu ne duk ilimin yake. Masana'antar NASENI, hukumar kimiyya da injiniyanci ta gwamnatin tarayya, da ke Karshi a Abuja, wadda aka kafa da ƙarfin megawat 7.5 a shekara, harhaɗa faranti take yi da ƙwayoyin da aka shigo da su. A watan Maris na 2023 ne aka aza harsashin wata masana'anta a Gora ta Jihar Nasarawa da nufin ƙera ƙwayar kanta. Aiki ne mai wuyar gaske, domin sai an tace silikon har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari ko fiye, a narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, sannan a yanka shi siriri kamar kaurin takarda. Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2022 cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na wannan sana'a yana hannun ƙasar Sin. Ƙasar da ke son kutsawa cikin irin wannan kasuwa tana buƙatar mutanen da suka san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar, kuma hanya mafi araha ta samar da su ita ce manhajar kwaikwayo, wato wadda ke lissafa yadda ƙwayar za ta yi aiki tun kafin a ƙera ta.

Silikon yana cikin abubuwan da ake kira semikondakta, waɗanda ba su barin wuta ta ratsa su kai tsaye kamar jan ƙarfe, ba su kuma tare ta gaba ɗaya kamar roba. Idan haske ya faɗa a kansa, sai ya ɓalle ilektaron daga mazauninsa, ya bar gurbi a bayansa. Aikin ƙwayar sola shi ne ta kora ilektaron ɗin zuwa gefe guda, gurbin kuma zuwa ɗaya gefen, kafin su sake haɗuwa ƙarfin ya salwanta ya zama zafi. Lissafi uku ne ke bayyana wannan tafiya: guda yana faɗin yadda cajin da ke cikin abu ke haifar da ƙarfin turawa, biyu kuma suna ƙididdige shiga da fitar ilektaron da ta gurbi a kowane wuri. Van Roosbroeck na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ne ya tsara su a wannan siga a 1950, shekara huɗu kafin wannan cibiya ta fitar da ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda ke juya kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. Ba a iya warware lissafin da hannu idan na'urar ta gaske ce, shi ya sa Gummel a 1964, sannan shi da Scharfetter a 1969, suka fito da dabarun da kwamfuta ke bi ta yanyanka ƙwayar gida-gida har ɗaruruwa, tana warware kowane gida tana komawa baya har amsoshin su daidaita. Da wannan lissafi ne dai ake tsara taransistocin da ke cikin wayar hannu.

A yau akwai manhajoji da dama da ke yin wannan aiki kyauta. PC1D, wadda Paul Basore ya fara rubutawa a shekarun 1980, daga baya ta koma hannun Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, ita ce ta daɗe tana yi wa masu silikon hidima. Akwai AMPS ta Jami'ar Jihar Pennsylvania, da AFORS-HET ta cibiyar Helmholtz da ke Berlin. Amma wadda ta mamaye sassan fiziks na jami'o'in Najeriya ita ce SCAPS, wadda Marc Burgelman da abokan aikinsa suka samar a Jami'ar Gent ta Beljiyam, kuma suke bayar da ita ga duk mai binciken da ya nema. Tsohuwar kwamfutar cinya ma tana ɗaukarta. Ɗalibi zai buɗe ta, ya jera shimfiɗu har bakwai ɗaya bisa ɗaya, ya rubuta kaurin kowace, da tazarar makamashinta (wato ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya ɓalle ilektaron), da saurin tafiyar ilektaron a cikinta, da yawan tabon da ke jikinta, ya kunna hasken rana na ƙirƙira, ya danna maɓalli. Kafin ya gyara zama, ga lanƙwasasshen layi ya bayyana tare da alƙaluma huɗu a gefensa, na ƙarshensu shi ne ingancin ƙwayar, wato kason hasken da ya koma lantarki. Yadda tela mai hankali ke fara yanka samfuri a tsohuwar jarida kafin ya sa almakashi a shadda, haka injiniya ke gwada tsari ɗari a kwamfuta kafin ya ɓata sinadari mai tsada a kan guda. Ga jami'ar da ba ta da ɗakin ƙera na'urori, wannan babbar ni'ima ce, kuma na ga ɗaliban da suka fahimci semikondakta a mako biyu na wasa da manhajar fiye da yadda suka fahimce shi a zangon karatu guda na rubutu a allo.

Inda zance ya fara sarƙewa shi ne ƙananan gine-ginen da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, wanda sai an jera dubu goma-goma kafin a kai kaurin silin gashi ɗaya. Masu bincike suna sassaƙa fuskar ƙwayar sola da tsinkaye ko ramuka masu wannan ƙanƙanta domin haske ya shiga ya rasa hanyar fita. Tun 1982 Eli Yablonovitch ya nuna cewa fuska mai kaushi na iya tsawaita tafiyar haske a cikin silikon har kusan ninki 50. Akwai kuma ɗigogin kwantam, ƙwayoyin da launin hasken da suke sha ke canzawa da girmansu, waɗanda saboda su aka bai wa Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. SCAPS da 'yan uwanta da na ambata layi ɗaya kawai suke kallo, daga saman ƙwaya zuwa ƙasanta, saboda haka ba su ganin tsinke ko rami. Wanda ke son ganin yadda haske ke zagaya irin wannan gini sai ya koma ga Meep ta cibiyar MIT, wanda ke son halayyar ilektaron a wurin da bai wuce 'yan nanomitoci ba sai nextnano da ta samo asali a Jami'ar Fasaha ta Munich, wanda kuma ke son sanin halin sabon sinadari tun daga ƙwayar zarra sai irin su Quantum ESPRESSO. Duk da haka na sha karanta rubuce-rubucen da ke cewa sun kwaikwayi ƙwaya mai tsinkayen nano da manhajar layi ɗaya, ba tare da ko jimla guda da ke bayyana yadda aka yi hakan ba.

Babbar damuwata ita ce alƙaluman inganci. An taɓa aiko mini da kundin digiri na biyu daga wata jami'a domin in duba, mai kundin ya rubuta cewa ya tsara ƙwaya mai mahaɗa ɗaya, wato mai hawa ɗaya tak na sinadarin da ke shan haske, da ke juya kashi 35 da ɗoriya na hasken rana zuwa lantarki. Tun 1961 Shockley da Queisser suka tabbatar da cewa irin wannan ƙwaya tana da iyaka, kuma a hasken da duniya ta amince a riƙa gwaji da shi iyakar ba ta wuce kusan kashi 33.7 ba, ko da kuwa babu tabo ko ɗaya a jikinta. Silikon, da ya shafe shekara 70 ana goge shi, iyakarsa kusan kashi 29.4 ce, kuma kamfanin LONGi na ƙasar Sin da duk dukiyarsa a kashi 27.3 ya tsaya a watan Mayu na 2024. Ranar kare kundin na roƙi ɗalibin ya buɗe kwamfutarsa a gabanmu. Akwatin da ake rubuta asarar da ke faruwa idan ilektaron ya koma gurbinsa ya fitar da haske, sifili ne a ciki. Akwatin turjiyar wayoyi, sifili. Hasken da gilashi ke mayarwa sama, sifili. Yawan tabo kuwa ya sa 10¹⁰ a kowace santimita kiyubik (cm³), alhali shimfiɗun da ake iya yi a ɗakin gwaji sukan ɗauki 10¹⁵ ko fiye, wato ninki dubu ɗari. Na tambaye shi inda ya samo wannan adadi, sai ya ce, “Malam, daga wata takarda da aka wallafa na ɗauko.” Da muka bibiyi takardar, ita ma kwaikwayo ce, ta kwafo daga wata kwaikwayon, babu inda wani ya taɓa auna komai.

Ban ga laifin wannan yaro ba sosai, domin abin da ya tarar ana yi ya yi. Manhajar ma ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ta amsa. Laifin yana wuyanmu mu malamai, da tsarin ƙarin girma da ke ƙidayar yawan takardu ba ya duba nauyinsu, da mujallun da ke karɓar kuɗin wallafawa su sa hannu a kan duk abin da aka aiko musu. Cutar ba ta Najeriya kaɗai ba ce, ta game ƙasashe da yawa inda kayan aiki suka yi ƙaranci, amma mu ne za mu fi jin jiki idan masu tsara manufofi suka ɗauki waɗannan alƙaluma da gaske. Gane irin wannan kuskure kuwa ba ya buƙatar komai sai lissafin bayan ambulan. Sinadarin da tazarar makamashinsa ta kai 1.55 a ma'aunin ilektaron-bolt (eV) ba zai iya ba da fiye da kimanin miliamfiya 27 a kowace murabba'in santimita ba, domin iyakar hasken da zai iya sha ke nan, saboda haka duk wanda ya rubuta 32 ya nuna cewa akwai abin da ya karkace a cikin abin da ya shigar.

Mu mutanen Filato muna da dalili na musamman na lura da wannan batu. Yawancin rubuce-rubucen da nake magana a kansu sun shafi sinadarin da ake kira perobskayit ne, wanda Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwadawa a 2009 ya sami kashi 3.8, yanzu kuma ya haura kashi 26. Nau'insa mafi inganci da dalma ake yinsa, kuma babu wanda zai koya wa ɗan Arewa illar dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da masu bincike a duniya ke son maye gurbin dalmar da shi kuwa shi ne kuza, wannan kuza da Turawa suka fara haƙa a nan tun farkon ƙarni na 20, suka bar mana kududdufai a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Kuza tana ko'ina a cikin wannan sana'a: da ita ake shafe gilashin da ke barin haske ya wuce kuma ya ɗauki wuta, da ita ake lulluɓe siraran ƙarafan da ke haɗa ƙwayoyi, tana kuma cikin wani haɗi na jan ƙarfe da tutiya da farar wuta da ake gwadawa. Matsalar perobskayit na kuza ita ce da zarar ya shaƙi iska sai kuzar ta sauya hali, ta cika shimfiɗar da tabo, shi ya sa waɗanda aka ƙera aka auna har yanzu ba su kai kashi 20 ba, yayin da na kwamfuta ke ta haura 30. Binciken da zai amfane mu shi ne wanda zai shigar da wannan lalacewa cikin lissafi, ya nuna yadda inganci ke zubewa yayin da tabo ke ƙaruwa, ya kuma faɗa wa mai haɗa sinadari matakin tsarkin da dole ya kai kafin wahalarsa ta biya. Cibiyar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa tana nan Jos, kuma tambayar irin tsarkin da kuzarmu ke buƙata kafin ta shiga wannan kasuwa tambaya ce da ta dace da ita.

Akwai wasu tambayoyin namu na kanmu da manhajar za ta iya amsawa gobe da safe, ba tare da an sayo komai ba. Wat 400 da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25 da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kowace murabba'in mita. Farantin silikon na gama-gari yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da ya ƙaru, kuma a bazarar Sakkwato ko Maiduguri jikin faranti na iya kaiwa digiri 65. Digiri 40 ke nan a kan ma'auni, asarar kashi 16, wato wat 400 ya koma kusan 336 tun kafin ƙura ta sauka a kansa. Jos, da ke tudun da ya kai kimanin mita 1,200, ba ta fama da wannan zafi, don haka faranti iri ɗaya da aka ɗora a garuruwan biyu gwaji ne da Allah ya shirya mana kyauta. Sannan launin hasken da manhajojin ke zuwa da shi an tsara shi ne bisa yanayin Amurka, rana ta karkace da digiri 48 daga tsakiyar sama, faranti kuma a jingine da digiri 37. A nan rana takan bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, hazo ya rage haske ya kuma sauya launinsa. Duk wanda ya taɓa shafa yatsa a kan faranti da safiyar Janairu ya ga layin da ya bari a cikin farar ƙura ya san girman abin. Akwai tashar auna ƙurar sama a Jami'ar Ilori da ke aiki tare da hukumar NASA tun 1998, akwai manhajar SMARTS da ke juya irin waɗannan bayanai zuwa launin haske, kuma SCAPS tana karɓar fayil ɗin hasken da mai bincike ya kawo da kansa. Wannan zai ƙara muhimmanci idan ƙwayoyi masu hawa biyu suka iso kasuwa, irin haɗin perobskayit da silikon da ya kai kashi 34.6 a 2024, domin hawa biyun dole su ba da wuta daidai da juna, kuma sauyin launin haske shi ne ke fara ɓata wannan daidaito.

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka roƙona ga asusun TETFund shi ne ya sa sharaɗi a kan duk tallafin binciken kwaikwayo: mai nema ya fara nuna cewa manhajarsa ta iya maimaita sakamakon wata ƙwaya da aka ƙera aka auna, kafin ya ce zai inganta ta, kuma ya ajiye fayil ɗin abin da ya shigar a inda kowa zai iya dubawa. Ba kowace jami'a ce ke buƙatar ɗakin ƙera na'urori ba, amma ƙasa mai wannan girma tana buƙatar wurare biyu ko uku masu fitilar kwaikwayon rana da na'urorin auna wuta da aka daidaita su, inda ɗalibi daga Jos ko Dutsin-ma zai aika da samfurinsa a auna masa a kan kuɗi kaɗan. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda da ke Kwali, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk wurare ne da za a iya ɗora wannan nauyi a kansu.

Manhajojin kamfanoni irin su Sentaurus da Silvaco da COMSOL, waɗanda ke kallon na'ura ta kowace fuska, da dala ake biyan lasisinsu, kuma sashe ɗaya ba zai iya ba. Dogaro da kwafin sata ba mafita ba ce, domin aikin da aka yi da shi ba ya iya tsayawa a gaban duniya. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa tana da hanyar sadarwa ta NgREN da ta haɗa jami'o'i, kuma ta wannan hanya za a iya sayen lasisi na tarayya, a kuma kafa babbar kwamfuta guda mai wutar da ba ta yankewa, domin lissafin ƙwayar zarra kan ɗauki kwanaki yana gudana, ɗaukewar wuta ta minti ɗaya kuma tana iya rusa shi. Afirka ta Kudu ta yi haka da cibiyarta ta Cape Town, inda ta ƙaddamar da kwamfutar Lengau a 2016, masu bincike daga jami'o'i daban-daban suna shiga daga nesa. Kafin mu kai can, dandalin nanoHUB na Jami'ar Purdue yana barin kowa ya gudanar da kwaikwayo ta intanet ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma ya kamata a sa shi cikin darussan shekarar ƙarshe.

Kai kuma, ya Edita, akwai rawar da jaridarka za ta taka. Lokaci zuwa lokaci akan kawo muku sanarwa cewa wani masani ɗan ƙasa ya ƙirƙiro ƙwayar sola da ta fi ta Turawa, kuma kishin ƙasa kan sa a buga ta da manyan haruffa. Ina roƙon wakilanku su riƙa tambayar mai sanarwar ko an ƙera ƙwayar an auna ta ne, ko kuwa a kwamfuta aka lissafa ta, idan kuma an auna, a ina aka auna, kuma girmanta nawa ne. Alƙaluman da duniya ke yarda da su sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya tabbatar da su, irin Fraunhofer ta Jamus ko AIST ta Japan. Idan amsar ita ce lissafi ne, a buga labarin, amma a rubuta a sakin layi na farko cewa lissafi ne.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naka,
Wani malamin fiziks,
Jos, Jihar Filato.